Kafur a Kayan Jariri

Akwatin ya iso gidanmu a Tsafe kwana biyu da haihuwar ƙanwata. Na ƙarfe ne, kore, mai zanen furanni a murfi, kuma tun ba a buɗe shi ba na san abin da aka zuba a ciki, don warin kafur ya riga shi shiga ɗaki. Uwar mijin ƙanwata ce ta zo da shi daga Bungudu. Hajiya muke ce mata. Mutum biyu suka kama mata shi daga bakin titi.

Damina ce ta shekarar 1998. Ƙanwata ta zo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Ni kuwa ina zaune gida ina jiran takardar bautar ƙasa, bayan na gama digiri a kan sinadaran da ke aiki cikin jikin mutum. A unguwa “Likita” ake kirana. Na gaji da cewa ni ba likita ba ce har na bari, amma na lura ba a kirana haka sai in za a yi dariya.

Dole in faɗi abin da na sani a ranar, don kada a ɗauka rashin sani ne ya kama bakina. Aikin bincikena na shekarar ƙarshe a kan wannan abu ne kansa. Jajayen ƙwayoyin jini suna da wani sinadari da ke yi musu gadi, a taƙaice ana rubuta sunansa G6PD. Wasu mutane da ƙarancinsa ake haihuwarsu, kuma a ƙasarmu ba kaɗan ba ne. Lafiyarsu lau, suna noma suna dako, sai ran da wani abu ya shiga jikinsu wanda gadin ba zai iya tarewa ba: wasu magunguna, ko kafur ɗin da muke zubawa cikin tufafi don kyankyasai da asu. Sai ƙwayoyin jinin su riƙa fashewa. Abin da suka bari ya zama wani launi ruwan ɗorawa, shi ne shawarar da muke gani a ido. Babba hantarsa kan share shi. Jariri tasa ba ta ƙosa ba, in abin ya yi yawa sai ya haura ƙwaƙwalwa, kuma inda ya fi ɓatawa shi ne wajen ji da wajen sarrafa gaɓoɓi. Ba sai an ci kafur ɗin ba. Shaƙarsa ta isa, haka ma in ya taɓa fata.

A shekarun nan masu bincike sun riga sun gano ainihin gurbin da irin namu na Afirka ta Yamma ya bambanta a cikin ƙwayar gado. Ana ma ta rubutu cewa mai yiwuwa ƙarancin yana ɗan kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ya yawaita a cikinmu. Na kwafi takardun a ɗakin karatu na jami’a, shafi-shafi, na ja layi da jan biro. An kuma san ɗa namiji daga wajen uwa yake gadon abin, ba daga uba ba. Wannan ma na ja masa layi. Duk suna cikin jakata, taku goma daga inda aka dire akwatin Hajiya.

Da kanta ta buɗe shi a gaban ’yan barka. Akwai sababbin kaya, tawul da riguna, amma ba su ta zo nunawa ba. Daga can ƙasa ta ciro farin shawul na ulu, da hula da safa, da majanyi saƙi, ƙwallayen kafur na gangarowa daga cikin ninkin suna faɗawa kan tabarma.

“Da wanga shawul anka fito da ubanshi ran suna,” in ji ta. “Shekara talatin, ko asu ɗaya bai taɓa shi ba. Ni ba ni wasa da kaya.”

Mata suka yi ta sa albarka. Ta karɓi jaririn daga hannun Inna, wato mahaifiyarmu, ta tuɓe masa ’yar rigar da ke jikinsa, ta naɗe shi cikin shawul har haɓa, ta sa masa hula. Ɗakin jego ne, taga a rufe, ga kaskon garwashi a gefen gado. Ni da nake tsaye bakin ƙofa ma idanuna yaji suke.

Na ce, “Hajiya, da an ɗan shanya su tukuna. Wai ana cewa kafur ba ya yi wa wasu jarirai daɗi. Ba dukansu ba dai. Wasu.”

Haka na faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ni da na yi wata shida ina ɗiga jini cikin kwalabe ina jiran launi ya sauya, abin da ya fito bakina shi ne “wai ana cewa”.

“Wa ka cewa?” in ji Hajiya, tana murmushi.

“A makaranta ne.”

“To, Likita. Ɗiya takwas na naɗe cikin kayan ga, duk ga su nan suna cin tuwo. Ke nawa kika naɗe?”

Aka yi dariya. Wata daga baya ta ce a bari in samu mijin tukuna.

Ina da amsa. Lafiyar ’ya’yanta takwas ba ta ce komai a kan wannan yaron ba, domin in yana da ƙarancin, ba ta wajensu ya bi ba, ta wajenmu ne. Amma in faɗi haka a ɗakin da ya cika da dangin miji, kamar na miƙe ne na ce wa Bungudu akwai aibu a jinin gidanmu, alhali ban gwada kowa ba. Sai na dubi ƙanwata, na ga ta juya fuska ga bango. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta nuna ta san da ɗan fari a gaban mutane. Ba ta yi masa wasa, ba ta duba shi, nono ma sai an matsa mata ta ba shi tana kallon wani wuri. Balle ta ce wa uwar mijinta a cire masa kaya. Mutum ɗaya da ke da iko a kan yaron, al’ada ta rufe mata baki. Ni kuwa ba wanda ya rufe nawa.

Da la’asar na sami Inna a bayan ɗaki tana iza wutar ruwan wankan jego.

“Inna, a bar ni in wanke kayan nan.”

“Ki wanke mi? Kayan da mata ta ɗauko tun daga Bungudu ki tsoma su ruwa tana gari? Kin ce mata ƙazama ke nan.”

“Ba datti ba ne. Kafur ɗin ne.”

Ta ɗago ta dube ni sosai, kuma na san da gaske take tambaya. “Kashe shi zai yi?”

“Ba lalle ba. Ya danganta da ko yana da…”

“To in ba lalle ba ne, miƙo mini itacen can.”

Na miƙa mata. A jami’a an hore mu kada mu ce abu haka yake sai mun gwada. Malaminmu na bincike kan zagaye duk wata kalmar tabbaci da jan biro ya rubuta a gefe, “ina hujja?” Ban ce horon banza ba ne. Amma shekara huɗu ba wanda ya taɓa gaya mana yadda ake faɗin “mai yiwuwa” ga tsohuwa mai iza wuta har ta ji tsoron da ya kamata ta ji. A kunnen Inna, abin da ba lalle ba ne, babu shi.

Abin da na iya yi shi ne na faki idon mutane na tsince ƙwallayen daga akwatin na zuba a masai. Warin bai ko motsa ba, ya riga ya kama ulun. Hajiya ta sauka ne gidan wata ’yar uwarta a bayan kasuwa, kullum da hantsi tana gidanmu. Washegari ta buɗe akwati ta ga babu, ta ce yaran gidan nan sun ɗauka alewa ce, ta aika kasuwa aka sayo sabon ƙulli. Daga baya na je na ga teburin da aka sayo shi. Kafur, hodar jarirai, man shafawa, safa, duk a faranti ɗaya.

Ran kwana huɗu na ɗauki yaron da sunan zan nuna masa haske, na fito da shi bakin ƙofa. A cikin ɗakin ba a ganin komai sai ja-jan garwashi. Na danna yatsa a goshinsa na ɗaga. Wurin ya yi ɗorawa. Washegari farin idonsa ya rine, har dasashinsa. Wannan kam kowa ya gani.

Inna ta ce shawara ce, ta jiƙa saiwar rawaya. Hajiya ta ce duk ɗiyanta sun yi ta, a bakin kwana bakwai take wucewa. Don a kwantar da hankalin kowa aka kira mai kemis na bakin layinmu, wanda duk unguwa ke zuwa wurinsa allura. Ya zo da silifa, ya ɗaga fatar idon yaron da babban yatsa, bai yi minti ɗaya ba.

“Ba komai. A ba shi ruwan gulukos, a riƙa fito da shi hantsi. Jibi war haka kun manta.”

Na ce, “Malam, ba ka ganin zai yi kyau a auna jininsa a Gusau? Ina tsoron ko kafur ɗin nan…”

“Kafur?” Ya yi dariya ya juya ga Inna. “Inna, wannan ’yar taku karatu ya yi mata yawa. Mu da muke aikin kullum ba mu ji ba, sai ita a littafi.” Ya sake juyowa. “Likita, kin taɓa yi wa ko kaza allura?”

Ban taɓa ba, na kuma ce ban taɓa ba. Har yau in na tuna muryarsa raina kan ɓaci. Bai san me ke fashewa cikin jijiyar yaron ba, bai san ma akwai abin da ke fashewa ba, amma ya ce “ba komai” da cikakken baki, gidan ya sauke ajiyar zuciya. Aka fito da yaron hantsi kamar yadda ya ce, naɗe cikin shawul ɗin, fuska kaɗai a waje, ga hadari ya rufe rana.

Ran kwana shida, jajiberin suna, na tare wanmu. Shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, kuma direba ne, yana jigila tsakanin Tsafe da Gusau a tsohuwar fijo. Yana ɗaure rago a gindin darbejiya.

“Yaya, ka kai mu Gusau yau.”

“Yau? Gobe suna. An raba goro, mutanen Bungudu na hanya. Mai jego ta fita gida ba a yi suna ba, ina kika taɓa gani?”

“Yaron ba shi da lafiya.”

“Yana shan nono?”

“Yana sha. Ba sosai ba.”

“Kin tabbata ba zai kai gobe ba?”

Wa zai ce ya tabbata da wannan? Na ce ban tabbata ba. Ya ce to da an shafa fatiha zai tada mota, ya ma ajiye galan ɗaya na mai saboda mu, don lokacin wahalar mai ake.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida aka raɗa suna. Ina jin maroƙi daga ciki sai ƙanwata ta kamo bakin zanena. Ɗakin akwai mata, don haka ba ta dube ni ba, ba ta dubi yaron ba. Ta yi magana ne kamar da bango take.

“Yaya, tun asuba bai kama ba.”

Na ɗauke shi. Jikinsa ya saki, sai kuma ya ƙame ya banƙare baya, ya yi wani kuka siriri mai tsini wanda ban taɓa ji ba amma na karanta shi. Na fita da shi tsakar gida, na bi ta cikin mata har zaure, na tsaya inda mace ba ta tsayawa ran suna. Wanmu ya dubi yaron sau ɗaya ya tashi. Ba a feɗe ragon ba muka bar Tsafe: ni da ƙanwata da mijinta, wanda malamin firamare ne a Kekun Waje, da Hajiya a gaba. Inna ta tsaya da baƙi.

A asibitin da muka je a Gusau, ma’aikaciyar jinyar da ta karɓe shi ’yar kudu ce, Hausarta a karye. Tana buɗe shawul ɗin ta kau da kai.

“Wa ya sa masa kafur? Ba a sa wa jariri kafur. Shi ne ya ci jininsa.”

Ta tuɓe shawul da hula da safa ta jefa su waje kan baranda. Jimla uku, cikin Hausar da ba tata ba, ta faɗi abin da na kwana biyar ina kewayawa. Ita ma ba ta gwada kowa ba.

Hajiya ta duƙa ta tsince kayan, ta zauna kan benci ta ɗora su a cinya. A lokacin har tausayinta na ji.

Likitan matashi ne, da alama bai huta ba tun jiya. Ya ce abin ya wuce na fitilar da ake haska wa jarirai masu shawara, sai an sauya wa yaron jini: a riƙa zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da na wani. Ana bukatar sabon jini wanda ya dace da na uwa da na ɗa. Aka ɗibi namu aka duba. Na uban bai dace ba, nawa ma haka. Na wanmu ya dace. Ya naɗe hannun riga ya kwanta kan gadon ɗiba yana tsokanar mai ɗibar, wai a bar masa na tuƙi zuwa gida.

A nan na tuna wani abu da ya kamata in tuna tun ranar da akwati ya zo, ko kuma na tuna na ture shi, ban sani ba. Muna yara, an taɓa dawo da wanmu daga makarantar kwana bayan an ba shi wasu ƙwayoyin zazzaɓi. Idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, Inna ta yi sati tana ba shi rawaya. Uwarsu ɗaya da mai jego. In shi ma yana da ƙarancin, za a zuba wa yaron jini ne mai fashewa irin nasa, a jikin da kafur bai gama fita ba.

Na bi likita na gaya masa. Ya saurara, ya san abin da nake nufi tun ban ƙarasa ba. Ya ce ba su da sinadarin gwajin, ya ƙare tun bara. Ya ce in an bar wannan jinin sai an nemo wani, kuma kowace sa’a tana da tsada a wurin yaron.

“Kin tabbata da abin da kika gani?”

Wannan ce tambaya ta uku irinta cikin mako guda. Na ce, “Na tabbata. Kada a ɗibi nasa.”

Da a ofis aka ƙare maganar da sauƙi. Amma wanmu ya fito baranda da hannun riga a naɗe, kuma shi ba ya magana a hankali.

“Ke, mi kika ce musu? Jinina ne ba shi da kyau? Ni da ban taɓa kwana asibiti ba?”

“Yaya, ba rashin kyau ba ne. Abin da ke damun yaron gado ne, ta wajen uwa yake bi. Daga Inna zuwa gare ka, daga Inna zuwa ga mai jego, daga ita zuwa gare shi.”

Ƙanwata na zaune a ƙasa, ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Sai na ji Hajiya ta yi gyaran murya.

“Ashe,” ta ce. Ta fara ninke shawul ɗin a hankali, gefe ya hau gefe. “Ashe gado ne. Ni dai na ce, ɗiya takwas.”

Na ce, “Hajiya, gadon shi kaɗai ba ya yin komai. Da ba a sa masa…”

“Ke kika faɗa da bakinki, ɗiyata. Ba ni na faɗa ba.”

Mijin ƙanwata ya ce yana da ƙane a Bungudu da aka bari tsaron shago, ya taɓa ba da jini, an ce masa irin nasa kowa na karɓa. Wanmu bai dube ni ba. Ya sauke hannun riga, ya nemi ’yan bumburutu ya ƙara mai, shi da mijin suka kama hanyar Bungudu. Ba su sami ƙanen a shago ba, sai da suka bi shi gona. Ana kiran azahar suka tafi, sai bayan la’asar suka dawo. Duk tsawon wannan lokaci ina tsaye jikin taga ina kallon yaron a ƙarƙashin fitila, tsirara, an rufe masa ido da bandeji, yana banƙarewa yana saki. Kafin magariba aka gama sauya jinin.

Ya rayu. Kwana tara aka sallame mu, ƙanwata ta koma Tsafe ta ƙarasa wankanta.

Waɗannan sa’o’i uku ban gama da su ba har yau. Na karanta daga baya, na tambayi waɗanda suka fi ni sani. Wani ya ce na yi daidai. Wani ya ce a irin wannan hali jinin da ke kusa ya fi jinin da ke nesa, ko da mai ƙaranci ne. Wato sau ɗaya tak na ce na tabbata, kuma mai yiwuwa a nan ne bai kamata in ce ba. Shi wanmu, shekaru bayan haka aka gwada shi, yana da ƙarancin. Wannan ya wanke ni a kan rabin maganar kawai.

Labarin da ya zauna a Bungudu kuwa gajere ne: “jininsu ya kwantar da yaro, jininmu ya tashe shi,” in ji su. Kafur bai shiga labarin ba ko kaɗan. Na ji shi daga bakin mata a gidan biki, wata ma ba ta san ni ce ba, ta ce ai ’yar bokon gidan ce da kanta ta tona. Ƙanwata ita ta zauna cikin wannan magana, a gidan da kowa ya san “irin jininsu”. Wanmu ya yi wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ban ce Hajiya muguwa ce ba. Ta adana kaya shekara talatin don ta ga jikanta a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne, an san wannan abu tun ban shiga firamare ba. An bi shi har cikin ƙwayar gado, an zana shi, an buga a mujallu, mu kuma an yi mana jarrabawa a kansa mun ci. Amma tsakanin mujallar da teburin mai hoda a kasuwar Tsafe ba wanda ya taka. Ban taɓa ganin takarda ɗaya manne a bangon ɗakin awo ba, ban taɓa ji a rediyo ba, ungozomarmu ba ta taɓa ji ba. Jimla ɗaya ce: kada a sa wa jariri kafur. Ba ta bukatar wutar lantarki, ba ta bukatar sinadarin da ya ƙare tun bara. Kuma ni da aka kashe wa shekara huɗu don in ɗauko ta in kawo gida, na kawo ta har bakin ƙofar ɗakin na tsaya ina “wai”.

Takardar bautar ƙasa ta fito, aka tura ni nesa. Sai da yaron ya kai wata takwas na samu zuwa Bungudu. Na tarar ya yi ƙiba, yana da idon ubansa, amma wuyansa bai gama tsayawa ba, zama ma sai an tokare shi da matashi. Hajiya ta karɓe ni da fara’a, ta kawo fura, ta ce Likita an ga duniya. Da ta fita zuwa gidan maƙwabta, ƙanwata ta tashi ta saki labule.

Ba kowa, don haka ta ɗauki ɗanta yadda uwa ke ɗauka, ta sumbaci wuyansa, ta zaunar da shi kan tabarma yana fuskantar ƙofa. Ta ɗauko murfin kwano biyu ta zagaya bayansa.

“Duba,” ta ce.

Ta haɗa su da ƙarfi. Ni da nake kallo na zabura. Kajin tsakar gida suka watse. Yaron yana nan yana wasa da zaren tabarma.

“Kullum in ba kowa sai na yi. Ubansa ya ce miskilanci ne. Hajiya ta ce ubansa ma bai yi magana da wuri ba.” Ta ajiye murafen. “Yaya, ke kika sani. Kada ki ce mini wataƙila. Na ji wataƙilarki ta ishe ni.”

Na karɓi murafen na gwada ta dama, na gwada ta hagu, na kira shi da sunan da aka raɗa masa ran da muka bar rago a kwance. Ina so in ce a jira, a kai shi a auna, yara sun bambanta. Duk gaskiya ne, kuma duk suna kan harshena.

“Ba ya ji,” na ce.

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ina jin ta riga ta yi nata tuntuni. Ta zagayo gabansa ta durƙusa inda zai ga fuskarta, ta buɗe baki sosai ta faɗi sunansa, ita da ba ta taɓa faɗinsa a gaban kowa ba. Ya dubi leɓunanta ya miƙa hannu ya kama.

“To,” ta ce, ba ta juyo ba. “Ina ake kai irinsu? Ki tambayo mini kafin ki koma. Kuma in ubansa ya dawo daga makaranta, ke za ki gaya masa, yadda kika gaya mini.”

Na ce to. Na zauna kan tabarmar muna jiran ya dawo.